Ƙugun Zanzaro

Kafin a yi Vespa sai da aka yi agwagwa. A 1944, yaƙin duniya na biyu yana tsakiyar cin Italiya, injiniyoyin kamfanin Piaggio da aka kwashe daga Pontedera zuwa Biella can arewa suka haɗa wani ɗan babur mai lulluɓaɓɓen jiki. A takarda sunansa MP5. Ma'aikata suka kalle shi, guntu, mai tumbi, suka ce masa Paperino, wato yadda Italiyawa ke kiran ɗan agwagwan nan na zanen Disney. Mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya zo ya gani bai yi masa ba. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne tudun ƙarfen da ya cike tsakanin sirdi da wuyan babur ɗin, wanda dole mai hawa ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Sai ya kira Corradino D'Ascanio ya ce a sake lale.

Piaggio tsohon gida ne. Mahaifin Enrico, Rinaldo, ya kafa shi a Genoa a 1884. An fara da kayan cikin jiragen ruwa, aka wuce taragun jirgin ƙasa, aka ƙare a jiragen yaƙi da injinansu, kuma wannan sana'ar ta ƙarshe ita ta jawo wa masana'antar Pontedera ruwan bama-bamai. Da ƙura ta lafa, ga ma'aikata birjik da suka ƙware a lanƙwasa farantin ƙarfe, ga tituna a farfashe, jama'a kuma babu mai kuɗin mota. Shi kuwa D'Ascanio ba mutumin babur ba ne, hasali ma ya tsane shi. Ransa na kan jirgi mai saukar ungulu. Tun a watan Oktoban 1930 wani da ya ƙera ya tashi a filin Ciampino kusa da Roma, ya yi sama mita 18, ya yi minti 8 da daƙiƙa 45 bai taɓa ƙasa ba, abin da ya zama bajinta ta duniya a lokacin. Laifuffukan babur a wurinsa a bayyane suke: sarƙa na fesa wa wando baƙin mai, taya in ta sace sai an kwance rabin babur kafin a ciro ta, injin na gasa ƙwauri, ruwa da taɓo kuma duk a jikin mahayi suke ƙarewa.

Sai ya bi ƙorafin nan ɗaya bayan ɗaya. An ce abin da ya fara zanawa mutum ne zaune a kujera, baya a miƙe, ƙafafu a haɗe, sannan ya kewaye shi da ƙarfe. Ya jefar da firam ɗin bututu da kowane keke da babur ke da shi, ya bar fatar jikin ta yi aikin ƙashi: farantin ƙarfe da aka matse aka yi wa walda shi ke ɗaukar nauyi, yadda ake yin gangar jikin jirgin sama. Ya cire injin daga tsakanin ƙafafu ya manna shi a gefen dama na tayar baya, yana juya ta kai tsaye, sarƙa ta zama ba ta da aiki. Ya kifa wa injin murfi, aka sa masa fanka tunda iskar hanya ba ta isa gare shi. Tayar gaba ya rataye ta a hannu guda irin na ƙafar saukar jirgi, yadda noti kaɗan za ka kwance ta fito ta gefe, kuma girmanta ɗaya da ta baya, shi ya sa aka iya ɗaukar safaya. Giya ya ɗauke ta daga ƙafa ya kai ta hannun hagu, ka matse kuloci ka murɗa mariƙin ɗungurungum. A gaba ya kafa garkuwa mai tare iska da fallatsi, a ƙasa ya shimfiɗa daɓen ajiye ƙafa. Tsakanin sirdi da garkuwa kuwa bai sa komai ba, kuma a ganina wannan filin da ya bari fayau ya fi duk ƙarafan da ya ɗaura muhimmanci. Ana yawan ba da labarin cewa injin na tayar da jiragen yaƙi ne da ya yi kwantai a sito, tayoyin kuma na jelar jirgi. Labarin na da daɗin ji, amma injin mai cc 98 don babur ɗin aka zana shi.

Da aka gama samfurin, wanda aka yi wa lamba MP6, Enrico ya zagaya shi, ya ji zugar injin, ya dubi faffaɗan baya da siririyar tsakiya da mariƙan da suka miƙe gefe da gefe, ya ce wannan ai zanzaro ne. A bakin Italiyawa, da zanzaro da rina duk vespa ne. Ranar 23 ga Afrilun 1946 aka shigar da takardar mallakar fasahar a Florence, kuma a kan takardar babu ƙwaro ko ɗaya, sai wata doguwar jimla da ke bayanin babur mai sassa da aka tsara bisa hankali, firam haɗe da madgad, da murfi mai rufe kayan injin baki ɗaya. Wannan jimlar ita ce sunan yanka. Vespa laƙabi ne, irin wanda ake laƙaba wa yaro bayan ya fara tafiya an ga kamanninsa da halinsa, kuma kowa ya san wanne daga cikin biyun ke bin mutum har tsufa.

Idon Enrico da idon Bahaushe abu guda suka ɗauka a jikin ƙwaron nan. Sun bar harbinsa, sun bar ɗakin lakar da yake ginawa a kusurwar soro, suka tsaya a ƙugunsa. Da Bahaushe ya fara ganin ɗan sanda da ɗan boko sun cusa riga cikin wando sun ɗaure da bel har tsakiya ta tsuke, sai ya ce sun yi zanzaro, har gobe kuwa ɗalibi na shan horo a asambuli idan ya zo bai yi ba. Sai ga babur mai sunan zanzaro ya iso ƙasar Hausa ya zama abin hawan wanda ba ya yin zanzaro. Filin da D'Ascanio ya bari, ya bar shi ne don siket ɗin macen Italiya da doguwar rigar fadan coci da wandon akawu, babbar riga kawai ta zo ta tarar da gurbi. Mai babbar riga a kan babur mai sarƙa hankalinsa rabi na kan hanya rabi na kan lafin rigarsa, kada sufok ya cafke shi. A kan Vespa kuwa sai ya tattara ta ya aza a cinya, ya haɗe ƙafafu, ya gyara zaman hula, ya isa ɗaurin aure shaddarsa ƙal. A shekarun 1970 da 1980, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, ita ce abin hawan hedimasta da malamin asibiti da akawun ƙaramar hukuma da ɗan kasuwar da ya fara kama ƙasa amma bai kai mota ba. Tunda harshenmu ba shi da harafin farko na sunan, na huɗun ma ba haka muke furta shi ba, sai ta koma Basfa, wasu su ce Besfa. Kuma mace ce. Babur a ce ya mutu, mashin a ce ya ƙi tashi, ita kuwa sai a ce ta ƙi.

Tana ƙi ɗin kuwa. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai ta ya san al'adar safiya. Maigida ya tura ta ta sauko daga kan jak, ya sunkuya ya buɗe makunnin mai da ke ƙarƙashin sirdi, ya ja cok, ya kwantar da ita gefen dama na ɗan lokaci don mai ya gangara kafireta, ya ɗago ta, sannan ya taka kik. Bugu na farko shiru, na biyu tari, na uku sai tsakar gida ta cika da shuɗin hayaƙi da ƙaurin da ba ya kama da na kowace mota. Ƙaurin na baƙin mai ne, domin injin irin mai bugu biyu ne, ba shi da rumbun mai na daban, a cikin fetur ake auna masa da ɗan murfi ya ƙone su tare. In ka rage ma'auni injin ya cije, in ka zarce fulogi ya toshe, shi ya sa a ɗan akwatinta ba a rasa fulogin ajiya da tsumma da sifana. Wayar kuloci da wayoyin giya guda biyu suna da halin tsinkewa nesa da bakanike. Nauyinta ya karkata dama saboda injin, wanda sabon shiga kan ji a kwanar farko. Ƙananan tayoyinta, inci 8 a da, inci 10 daga baya, suna tsoron yashi da rami, kuma wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da ita bayan ruwan sama ba ya bukatar bayani. Sai dai rim ɗinta gida biyu ne da noti ya haɗe, mai faci na raba shi ya zaro tib ba tare da kokawa ba. A daɓen nan kuma aka yi renon yara da yawa a tsaye, hannu riƙe da wuyan babur, kai a ƙarƙashin haɓar baba.

A shekarar farko guda 2,484 aka ƙera. Zuwa 1956 an cika miliyan. A tsakani aka yi fim ɗin Roman Holiday a 1953, inda Audrey Hepburn da Gregory Peck suka yi ta karakaina a titunan Roma a kanta, tallar da kuɗi ba zai saya ba. Kishiyarta ta fito a 1947 daga Milan, a gidan Ferdinando Innocenti mai sana'ar bututun ƙarfe. Shi a kan bututu ya gina tasa, kuma ya ba ta sunan unguwar da masana'antar take, Lambrate, wadda ita ma daga kogin Lambro ta samo nata. Lambretta ta fi tsawo, injinta na tsakiya, masu ita na cewa ta fi zama daram a kwana. Amma sunanta adireshi ne kawai, ba ya zana komai a ido. An rufe aikinta a Italiya a farkon shekarun 1970 aka sayar wa Indiya injinan ƙera ta.

In mutum ya jera sunayen ƙananan baburan da suka fito bayan 1945, zai ga wani abu. A Japan, kamfanin da ya gaji Nakajima mai ƙera jiragen yaƙi ya fito da nasa a 1946 ya ce masa Rabbit, zomo. Mitsubishi, mai jirgin Zero da ya addabi Amurka a tekun Fasifik, ya kira nasa Silver Pigeon, tattabarar azurfa. Ducati na Bologna, wanda aka ragargaza masana'antarsa a 1944, ya farfaɗo da wani ɗan injin cc 48 da ake ɗaura wa keke, Cucciolo, ɗan kwikwiyo, saboda haushin salansarsa. Moto Guzzi ya yi Galletto, ɗan zakara, a 1950. Heinkel na Jamus, wanda jiragensa suka yi wa Landan luguden wuta, ya kira nasa Tourist, ɗan yawon buɗe ido. A Jamus ta Gabas, Simson na garin Suhl, tsohon maƙerin bindigogi, ya yi Schwalbe a 1964, wato tsattsewa, da ƙaninta Spatz, gwara. Duk ƙasashen da aka ci da yaƙi ne, mafi yawa kuma gidajen da jiya-jiya suke ƙera kayan kisa.

Can Ingila, inda aka yi nasara, sunayen ba su sauke murya ba. BSA taƙaitaccen sunan kamfanin ƙananan makamai na Birmingham ne, tambarinsa bindigogi uku a jingine da juna. Royal Enfield na alfahari da cewa yadda ake ƙera bindiga yake ƙera babur, shahararren babur ɗinsa kuma Bullet, harsashi, wanda tun shekarun 1950 ake haɗa shi a Madras ta Indiya. Vincent ya fito da Black Shadow, baƙar inuwa, a 1948, mai gudun kilomita 200 a awa. Triumph na da Tiger da Thunderbird, Norton na da Dominator da Commando. Ɗabi'ar ta girmi yaƙin ma. T. E. Lawrence, Baturen nan da ya shiga tawayen Larabawa a kan Turkawa, yana kiran baburansa ƙirar Brough Superior da Boanerges, 'ya'yan aradu, sunan da ya ɗauko daga Linjila. A kan ɗaya daga cikinsu ya faɗi a Dorset a watan Mayun 1935, kansa babu kariya, ya mutu bayan kwana 6. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, wanda binciken da ya yi daga baya a kan raunin kai ya sa rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu kai saƙo a babur sanya abin da mu muke kira hular kwano.

Da sauƙi mutum ya ce kunya ce ta sa waɗanda aka kayar suka koma sunayen tsuntsaye. Ni na fi ganin kasuwa a ciki. Mai sayen Black Shadow ya riga ya iya babur, yana neman abin da zai tsorata shi kaɗan ne. Mai sayen Vespa ko Rabbit kuwa bai taɓa hawa ba, wataƙila ma ungozoma ce ko malamin makaranta, kuma aikin sunan shi ne ya ce masa matso, ba ya cizo. Sunan kuma bai hana komai ba. A 1956 kamfanin ACMA da ke ƙera Vespa a Faransa ya yi wa sojojin laima wata da aka ratsa da igwa mai bakin milimita 75, ana jefo ta daga jirgi, a daidai shekarun yaƙin Aljeriya. BSA mai bindigogi uku kuma babur ɗin da ya fi yi masa kasuwa shi ne Bantam, sunan wata 'yar guntuwar kaza, wanda zanensa ganimar yaƙi ne da aka kwaso daga DKW na Jamus. A 1964 samarin Ingila suka yi ta ba hamata iska a bakin tekun Brighton, masu rigunan fata a kan Triumph da Norton, masu kwat a kan Vespa da Lambretta da aka cika wa madubai. Masu kwat ɗin sun zaɓi nasu ne saboda dalili irin na mai babbar riga, kada a ɓata ado, amma hakan bai hana su jifa da kujeru ba.

Kalmarmu ta babur ita ma da ƙurar Italiya a ƙafarta, kuma ta riga Vespa isowa. Masu bin diddigin kalmomi suna kai ta ga Larabcin Masar da Sudan da Magrib, inda babur ko wabur ke nufin jirgin ruwa mai tururi, da kan jirgin ƙasa, da injin ban-ruwa, har da risho mai famfo. Larabawa kuma daga bakin Turawan Bahar Rum suka ɗauke ta, vapore a Italiyanci, vapeur a Faransanci, ma'ana tururi. Wato kalmar ta baro tukunyar jirgi, ta zama sunan duk wani ƙarfe mai huci da ƙara, ta ƙetaro Sahara, ta zo ta zauna a kan abu guda wanda babu ɗigon tururi a cikinsa. Ta zauna ne, ina jin, don kunne ya yarda da ita. Faɗi babur ka ja ƙarshen, za ka ji injin. Mashin da ta zo daga Ingilishi ta bi irin wannan hanyar, daga sunan kowace na'ura ta tsuke ta koma sunan guda, har in ka ce wane ya sayi mashin babu mai tambayar ka na ɗinki ko na niƙa.

Sauran kalmomin da ke kewaye da shi kuwa a barga aka aro su. Mota shiga ake yi, babur hawa. Yana da sirdi. Yana kayar da mutum, ana sukuwa da shi ranar biki. Ba mu kaɗai ba ne: abin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa da katako a 1885, wanda ake lissafawa kakan babura masu fetur, sun kira shi Reitwagen, da kalmar da Jamusawa ke amfani da ita wa hawan doki, kuma sirdin fata gare shi. Da Bajaj na Indiya ya rabu da lasisin Piaggio ya fito da tasa Vespa a 1972, sai ya ba ta sunan Chetak, dokin Maharana Pratap da ya mutu bayan ya fitar da ubangidansa daga fagen yaƙin Haldighati a 1576. Abin dariya ne kaɗan, domin duk wahalar D'Ascanio ta raba mutum da zaman doki ce. Indiyawa ba su damu ba. Akwai lokacin da mutum kan yi shekaru a layi kafin a ba shi tasa, iyaye na rubuta suna tun 'yarsu na ƙarama saboda kayan aure. Kalma ɗaya ce ba daga doki ta zo mana ba, ita ce goyo. Wanda ke baya, ko da ya haifi direban, goya shi aka yi.

Babur ɗin da ya ci duniya bai ɗauki sunan aradu ba. A ƙarshen 1956 Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa suka zagaya Turai suna kallon abin da talakawa ke hawa. Fujisawa ya ce yana son abin da yaron gidan abinci zai tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da farantin taliya. A 1958 aka fito da Super Cub, kuma kalmar ta biyu ɗan zaki ko ɗan damisa take nufi, wanda bai yi haƙori ba tukuna. Ya ɗauki filin tsakiya da garkuwar ƙafa daga dangin Vespa, ya gyara abin da ta gaza: tayoyi inci 17 masu iya rami, injin cc 50 mai bugu huɗu da ba ya shan baƙin mai a cikin fetur, kuloci mai kama kansa, babu abin matsewa a hannun hagu. Garkuwar da madgad ɗin gaba kuma da roba aka yi su, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai injin da ya kai. Vincent ya daina babur tun 1955, BSA ya durƙushe a farkon shekarun 1970. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dai kusan babu inda titi ya kira shi da sunan da aka rubuta masa. A Girka irinsa papaki ne, ɗan agwagwa, sunan babur ɗin da Enrico ya ƙi ya je ya sami mai shi a wata ƙasa. A Biyetnam an daɗe ana ce wa kowane babur Honda, na haya kuma xe ôm, abin hawan runguma, saboda yadda fasinja ke riƙe direba. Mu nan jikokinsa da ake shigo da su daga Sin roba-roba muke ce musu, mun tsallake tambari mun tafi kai tsaye ga abin da hannu ya taɓa. Da babur ya zama sana'a kuma sai sunan ya bar ƙarfen ya koma kan aikin. A Busia, iyakar Yuganda da Kenya, masu keke da ke kai mutane daga wannan shinge zuwa wancan suka haifar da boda-boda, babura suka gaje shi. A kudancin Nijeriya aka ari sunan kamfanin jiragen sama na Okada, mallakar Gabriel Igbinedion, aka liƙa wa mai ratsa cunkoson Legas, rabi yabo rabi ba'a. Sakkwato da Nijar suka ce kabu-kabu, Kano ta ce acaɓa. Babu kamfanin da ya biya kwabo a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma babu wanda zai iya janye su daga kasuwa.

Akwai ƙanwar Vespa da ba a cika tunawa da ita ba. A 1948 Piaggio ya yanke bayan Vespa ya sa tayoyi biyu da akwatin kaya, don mai burodi da mai kayan miya da ba su da kuɗin a-kori-kura. Aka kira ta Ape, ƙudan zuma, tunda ita aiki take yi ba yawo ba. Bajaj ya ƙera ta a Indiya da lasisi tun farkon shekarun 1960, aka sa mata rumfa da benci, daga baya aka mai da injin baya, ta zama motar hayar talakan Indiya. Daga can ta shigo mana. A Legas aka ce Keke Marwa, da sunan Buba Marwa da ya mulki jihar a ƙarshen shekarun 1990. A zamanin Obasanjo shirin yaƙi da talauci na NAPEP ya raba su, sunan shirin ya manne, shirin ya shuɗe ya bar sunan a titi. Akwai garuruwan da suka dubi faɗin ƙasanta da rangajinta suka ce agwagwa da buje.

Kano kuwa daga masallaci ta ɗauko nata. A daidaita sahu magana ce ta liman kafin kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauke ta ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, kuma da aka hana 'yan acaɓa goyon mata aka kawo kekunan nan masu ruwan ɗorawa don su ɗauke su, rubutun shirin a jikinsu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin, dubban matasa suka sauka daga ƙafa biyu suka koma uku. Jimlar umarni ta dunƙule ta zama suna mai ɗaukar jam'i da mallaka: adaidaitata, 'yan adaidaita, ɗan sahu. Yaro na cewa mamarsa ta hau sahu, ba ya jin liman a cikin maganar. Wanda ya tsaya a shataletalen Ɗangi ko bakin Kantin Kwari da la'asar ya ga yadda suke kutsa kai ta hagu da dama, kowa na neman rigan ɗan'uwansa da taku ɗaya, shi ma ba zai ji shi ba.